Wa Ya Tsara Kiɗan? Bala Miller da Matasan Situdiyon Maiduguri

A duk bikin da za a yi a Maiduguri yau, ko a Gwange ne ko Bulumkutu ko Hausari, da zarar mai sifika ya saki waƙa, samari da 'yan mata sun gane mai muryar tun bai ƙare baitin farko ba. Wannan Hamisu Breaker ne, wancan Umar M. Shareef, ga kuma Ado Gwanja. Amma da za a tsayar da mai rawa a tambaye shi wa ya zauna ya jera kiɗan da ke motsa masa ƙafa, wa ya ce ganga ta shigo a nan, sarewa ta dakata sai bayan amshi, da wuya a sami amsa. Mutumin kuwa yana nan, cikin wani ɗan ɗaki da aka liƙa wa soso a bango, gabansa fiyano da kwamfuta. An sallame shi tun ranar da aka ɗauki waƙar. Waƙa ta tafi yawon duniya da sunan wani, shi kuma yana zaune yana jiran mawaƙi na gaba.

Wannan rashin adalci ne, kuma asara ce. Mai tsara kiɗa shi ne rabin waƙar zamani, wani lokaci ma fiye da rabi, amma a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba a ɗauki aikinsa sana'ar da ake koyo a makaranta ba, ba a kuma ɗauki sunansa abin da ya wajaba a ambata ba. Akwai mutum ɗaya daga Arewa da ya ƙi yarda da haka tun kafin a haifi yawancin masu buga fiyano na yau, kuma rayuwarsa ta cancanci a sake duba ta, musamman daga Borno.

Sunansa Bala Miller. An haife shi a Pankshin, cikin jihar Filato ta yanzu, a 1928. Mahaifinsa limamin coci ne ɗan Zariya, ɗaya daga cikin Hausawan farko da suka karɓi Kiristanci a hannun mishan ɗin Angilika. Aikin coci ya kai iyalin Lokoja, kuma a can ne yaron ya fara taɓa kayan busa irin na Turawa, ya shiga ƙungiyar kiɗan makaranta tun yana ƙarami. Daga nan ya wuce makarantar CMS Grammar da ke Legas. Legas ta wancan lokaci cike take da kiɗan hailaif, wanda ya taso daga gaɓar tekun Gana da Najeriya, aka gina shi a kan kakakin Turawa da jita da ganguna. Bala ya faɗa cikinsa da ƙarfinsa. Da rana yana aikin kamfani, da dare yana busa tare da ƙungiyar Samuel Akpabot, wanda daga baya ya tafi Landan karatun kiɗa ya zama babban masani. Ya kuma yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Victor Olaiya, har ya rubuta waƙoƙin da ƙungiyar Olaiya ta buga.

A nan ne ya koyi abin da ya bambanta shi da sauran. Busa kakaki wani abu ne, tsara wa mutum goma abin da kowannensu zai busa kuma wani abu ne daban. Mai tsarawa yakan ɗauki karin waƙa guda, ya raba shi: masu kakaki su ɗauki wannan gaɓa, masu saksofon su amsa musu daga ƙasa, jita mai kauri ya riƙe gindin waƙar, mai ganga ya san inda zai cika da inda zai yi shiru. Shi ne zai yanke inda muryar mawaƙi za ta fito ita kaɗai don a ji magana, da inda kayan busa za su taso gaba ɗaya su ɗaga mai sauraro. Idan waƙar da Hausa ce, aikin ya ƙara nauyi, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Karin da ya hau inda kalma ta sauka yana iya lalata ma'ana, ko ya sa Bahaushe ya ji waƙar baƙuwa ce a kunnensa ko da kalmomin nasa ne. Bala Miller ya tashi da Hausa a bakinsa, ya kuma san ƙa'idar rubuta kiɗa a takarda. Mutanen da suka haɗa waɗannan biyun a zamaninsa ba su da yawa.

Aikin kamfani ne ya dawo da shi Arewa a shekarun 1950, ya zauna a Kaduna, ya ci gaba da haɗa ƙungiyoyin kiɗa a gefe. Abin da ya fi muhimmanci a tarihinsa ya zo ne a farkon shekarun 1970, lokacin da Audu Bako yake gwamnan jihar Kano. Audu Bako mutum ne mai son gini da kafa abubuwa. Madatsun ruwa da gidan namun dajin Kano duk suna cikin abin da ake tunawa da shi. A zamaninsa ne aka ɗora wa Bala Miller nauyin kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. A lura da wannan sosai: fiye da shekara 50 da suka wuce, wata gwamnatin jiha a tsakiyar ƙasar Hausa ta ga cewa kiɗa fanni ne da ake zaunar da yaro a aji a koya masa, ta kuma nemo ɗan ƙasa ta ba shi aikin.

Sai 1977, shekarar FESTAC, babban bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, aka kuma yi hawan dabarsa a Kaduna. Bala Miller yana cikin waɗanda suka yi aiki a ɓangaren kiɗan bikin. A shekarar ce kuma ya kafa ƙungiyar da ta fito da sunansa, wadda ya raɗa wa sunan dala, wato Pyramids, suna da ke tuna wa duk ɗan Arewa dalar gyaɗar Kano. Ya tara matasa ya horar da su da kansa, ƙungiyar ta girma har ta wuce mutum 20. Suna wasa a Costain Club a Kaduna. Waƙarsu "Ikon Allah" ta zagaya gidajen rediyo, har yau dattawan da suka yi samartaka a lokacin suna tuna ta. A shekarun 1980 gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya riƙa nuna shirinsa mai ɗauke da sunansa, 'yan Najeriya daga Sakkwato zuwa Kalaba suka ga Bahaushe tsaye gaban jerin masu busa da makaɗa, yana jagorantarsu da Hausa. Ya rasu a 2003.

Gaskiya ce kiɗan Bala Miller bai shiga ƙauye da lungu yadda na Mamman Shata ko na Ɗanmaraya Jos ya shiga ba. Kiɗan kulob ne da otal da talabijin, na ma'aikata da 'yan boko. Riƙe ƙungiya mai mutum 20 kuma yana cin kuɗi: albashi, kayan busa da ake shigo da su daga waje, motar ɗaukar kaya. Da tattalin arziƙin Najeriya ya durƙushe a tsakiyar shekarun 1980, naira ta faɗi, manyan ƙungiyoyin kiɗa a faɗin ƙasar suka riƙa watsewa. Babu mai hankalin da zai ce matashin Maiduguri na yau ya tara masu kakaki goma sha biyu kafin ya fitar da waƙa. Abin ɗauka a wurin Bala Miller shi ne matsayin da ya ba aikin: ya koya, ya rubuta, ya koyar, kuma sunansa ne a kan faifan.

Kada kuma a ɗauka tsara kiɗa baƙon abu ne da ya zo da Turawa. Duk wanda ya saurari Musa Ɗankwairo da kunnen basira ya ji yadda 'yan amshinsa ke karɓe magana daga bakinsa tun bai ajiye ba, wani ya ƙara, wani ya rufe, kotso yana bin su a ƙasa. Wannan tsari ne mai zurfi, an yi shi ne da maimaici da zama tare shekara da shekaru, ba da takarda ba. Haka kalangan Shata: akwai mai jan gaba, akwai masu cikewa, kowa ya san gurbinsa. Bambancin shi ne a gidan makaɗan gargajiya yaro yana tashi ne a cikin sana'ar, ya gaje ta daga uba ko ubangida. Kiɗan zamani ya zo ba shi da irin wannan gida, makarantar da za ta maye gurbin gidan kuma ba ta yaɗu ba.

Giɓin ya fito fili da zuwan finafinan Hausa. An fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma kafin shekara goma ta cika waƙa ta zama jigon kasuwar fim. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda fiyano ƙirar Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano a tsakiyar shekarun 1990, irin su Iyan-Tama, ya sauya komai. Na'ura ɗaya tana fitar da sauti mai kama da sarewa, da ganga, da goge, mutum ɗaya ya isa. Matasa irin su Nasir Gwale suka zama na gaba-gaba a wannan fage, fim ɗin Sangaya kuma ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa mai daɗi tana iya sayar da kaset fiye da labarin da ke ciki. Waɗannan matasa sun yi abin a yaba. Da kunne suka koya, babu malami, babu littafi, suka ƙirƙiro salon da ake kira nanaye, wanda yau ake ji daga Agadas har Kumasi, har unguwannin Hausawa a Sudan da Saudiyya.

Sai dai koyo da kunne kaɗai yana da iyaka, kuma iyakar tana jin kanta. A saurari waƙoƙin nanaye ashirin a jere, za a tarar da yawansu a kan bugu ɗaya suke tafiya, da sarewar na'ura iri ɗaya, da hanyar shiga amshi iri ɗaya. Ba ƙarancin basira ne ya jawo haka ba. Mutumin da ake biyansa sau ɗaya a kan kowace waƙa dole ya yi da yawa a rana kafin ya ci abinci, wanda kuma ba a taɓa nuna masa yadda ake jera sautuka uku su tafi tare ba zai tsaya ne a kan abin da ya san yana karɓuwa.

Abin mamaki, finafinan Indiya da masana'antar fim ɗin Hausa ta kwaikwaya ba sa ɓoye sunan mai tsara kiɗa. Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya a silima a Kano ko Maiduguri ya ga yadda ake rubuta sunan mai tsara kiɗa shi kaɗai a allo, daban da na marubucin waƙa, daban da na mai rerawa. Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suna da sunansu, R. D. Burman da Laxmikant da Pyarelal su ma suna da nasu, har akan sayi faifai saboda su. An ɗauko rawar da salon soyayyar, aka bar wannan ladabi a can. A Amurka kuwa, Quincy Jones, wanda shi ma da busa kakaki ya fara kamar Bala Miller, ya tsara wa Count Basie da Frank Sinatra kiɗa, ya shirya wa Michael Jackson faifan Thriller a 1982, kuma da ya rasu a watan Nuwamba na 2024 yana da shekara 91, duniya ta yi jimaminsa a matsayin gwarzo mai zaman kansa.

Me ya kawo Maiduguri cikin wannan zance? Dalilin shi ne babu wani birni a Arewa da ya kai ta yawan albarkatun da mai tsara kiɗa yake buƙata. A fadar Shehu akwai ganga kura da algaita, masu tsohon tarihi tun daular Borno. A bikin Barebari akwai daren wushe-wushe da kaɗe-kaɗensa. Larabawan Shuwa suna da bandil da rawarsu. Daga kudancin jihar, mutanen Biu suna da tsinza, wato katakan da ake jerawa a kan ƙahonin shanu ana bugawa, mai sauti da babu irinsa a Kano ko Katsina. Ga kiɗan Sudan, wanda kunnen mutanen Maiduguri ya saba da shi tun zamanin da alhazai ke bin hanyar ƙasa ta Fort Lamy, a Chadi, zuwa Makka, wasu su dawo da shi a baki, daga baya a kaset. Ga kuma Hausa, wadda ta zama harshen kasuwa da na titi. Yaron da ya tashi a Maiduguri yana jin duk waɗannan kafin ya kai shekara goma. Abin takaici ne a ce idan ya shiga situdiyo sai ya ajiye su a ƙofa, ya kwaikwayi bugun da aka yi a Kano, wanda shi ma kwaikwayon Mumbai ne.

Ba a ce babu masu ƙoƙari ba. Morell, wato Musa Akilah, ɗan Borno ne da ya kai muryarsa har Legas, ya yi waƙa da Olamide, ya fitar da kundin Musa Jikan Musa, yana haɗa Hausa da Turanci. Akwai wasu da yawa da ba su fito ba, kuma duk wanda ya san abin da garin ya gani zai fahimci dalili. Tun rikicin watan Yuli na 2009 dokar hana fita ta kashe bukukuwan dare na tsawon shekaru, bikin dare kuwa shi ne gonar makaɗi. A 2013 an katse layukan waya na wani lokaci. A farkon 2021 aka fasa turakun wutar da ke kawo lantarki daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, daga baya aka buɗe tashar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023. Situdiyo ba ya aiki sai da wuta, kuɗin man janareta kuma daga aljihun mai fiyano yake fita. Sannan ga ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba na 2024, wadda ta shanye unguwanni da shaguna. Wanda ya ci gaba da haɗa kiɗa a cikin wannan hali ya nuna da gaske yake.

Za a ce, jihar da ke fama da 'yan gudun hijira da gyaran gidaje ina ta ga sukunin zancen kiɗa? Tambaya ce mai nauyi, amma amsarta tana cikin garin. Gidajen rediyo da talabijin, daga BRTV har Dandal Kura da ke watsa shiri da Kanuri da Hausa, kullum suna buƙatar kiɗan buɗe shiri da na sanarwa. Hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji suna biyan kuɗi a yi musu waƙar rigakafi da ta tsafta. 'Yan siyasa suna kashe maƙudan kuɗi a kan waƙar kamfe, kuma sau da yawa Kano ko Kaduna ake kai aikin. Masu bege da yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, su ma situdiyo suke shiga. Kuɗin yana nan, ana kashe shi. Tambayar ita ce ko zai tsaya a hannun matasan Borno.

Akwai kuma iyayen da ke ganin kiɗa roƙo ne ko hanyar lalacewa, a garin da ya yi suna da karatun Alƙur'ani tun ƙarnoni. Ra'ayinsu abin girmamawa ne, kuma babu wanda za a tilasta wa. Amma yaran da suka riga suka shiga sana'ar suna nan, ba za su fita ba. Barinsu babu horo babu kariya ba ya rage kiɗa a gari, sai dai ya rage ingancinsa, ya kuma bar su a hannun duk wanda ya zo da kuɗi.

Kayan aikin gyara ba daga nesa za a nemo su ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ta daɗe tana koyar da fannonin zane da wasan kwaikwayo da kiɗa. Tun ƙarshen shekarun 1980 wani masani Bajamushe, Raimund Vogels, ya yi aiki da 'yan Borno wajen naɗar kaɗe-kaɗen jihar, kuma a 'yan shekarun nan jami'ar tana da cibiyar nazarin ɗorewar al'adu da ke haɗin gwiwa da Jami'ar Hildesheim ta Jamus da ta Cape Coast a Gana. Wato akwai taskar sauti, wasu daga garuruwan da yaƙi ya watsa mutanensu, wasu daga bakin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya. Bai kamata wannan taska ta zama ta masu digiri na uku kaɗai ba. Mai fiyano na Bulumkutu ya fi kowa buƙatar ya zauna ya saurare ta. Kwas na wata shida da yamma, ba tare da neman takardar JAMB ba, inda malamin jami'a zai koyar da karanta kiɗa da jera sautuka, mai algaita da mai tsinza su zo da kayansu su nuna yadda ake yi, a biya su a matsayin malamai, ba abu ne da ya fi ƙarfin jami'ar da hukumar al'adu ta jiha ba.

Maƙwabta sun gwada an gani. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya tun ƙarshen shekarun 1980. Malam Mamman Barka, wanda ya yi aiki a can, shi ne ya tafi bakin Tafkin Chadi a 2002 ya zauna wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma, ya koya daga gare shi, ya kai kayan kiɗan har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Tafkin da ya je ɗin shi ne wanda garin Baga na Borno yake bakinsa.

Sauran gyaran ba ya ma buƙatar gwamnati. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗauki kiɗan da aka ƙirƙira a matsayin aiki mai haƙƙi, daban da faifan da aka naɗa. Amma doka ba ta amfanar wanda bai rubuta komai ba. Yanzu da waƙa ke kawo kuɗi daga YouTube da Audiomack shekara bayan shekara, mai fiyanon da ya karɓi ladan yini ɗaya ya sallama ya yi wa kansa asara mai tsawo. Masu situdiyo a Maiduguri za su iya haɗa kai su tsayar da ƙa'ida guda: kafin a ɗauki waƙa a rubuta takarda, ko da rabin shafi ce, mai nuna wa ya rubuta baiti, wa ya tsara kiɗa, da kason kowa. Mawaƙi ya sa sunan mai kiɗa a rubuce a ƙarƙashin bidiyonsa, ba kirari kawai a cikin waƙa ba. Masu gabatar da shiri a BRTV da sauran tashoshin garin kuma, idan sun sa waƙa, su faɗi suna biyu: na wanda ya rera da na wanda ya tsara.